Idan Tsoho Ya Shiga Gigin Tsufa: Yadda Ake Shirya Gida da Iyali Don Kula da Shi a Yamai

Ranar da Inna ta ce matata ta sace mata jika biyu, ba wanda ya yi barcin kirki a gidanmu. Da safe aka ga kuɗin naɗe a leda cikin kwanon fura, inda ta ɓoye su da hannunta. Wata shida ke nan da na ɗauko ta daga Tawa na kawo ta Yamai, saboda ta fara barin tukunya a kan wuta har ta ƙone, kuma sau biyu ta fita unguwa ta kasa gane hanyar gida, a garin da aka haife ta. Shekara biyar muka yi da ita a haka kafin Allah ya karɓi abinsa. Abin da ke cikin wannan jagora, wani daga bakin likitoci da ma'aikatan jinya na ji shi, wani kuwa sai da muka yi kuskure muka koya.

A Faransa da Amurka akwai gidaje na musamman inda ake kai tsofaffi masu wannan lalura, ma'aikata na taimaka musu wajen wanka, ci da shan magani. Mu nan, duk wanda ya yi tunanin kai mahaifiyarsa irin wannan wuri ya san abin da dangi za su ce. Tsohonmu a gida zai zauna, kuma haka ya fi. Sai dai abin da ke sa waɗancan gidajen aiki shi ne tsari: an san wanda ke kan aiki kowace sa'a, magani na kulle, ƙofa na da mai lura, rana na tafiya iri ɗaya. Tausayi da biyayya muna da su. Tsarin ne ya kamata mu kawo cikin gida.

Mataki na farko: a kai shi likita, a daina neman mai laifi

Tsohon da ya manta inda ya ajiye carbinsa, anjima ya tuna, tsufa ne kawai. Wanda ya tambaye ka "yaushe ka zo?" sau goma a zama ɗaya, ko ya rikice a lissafin kuɗin da ya shekara arba'in yana juyawa a kasuwa, ko ya sa riga uku a tsakiyar bazara, wannan ciwo ne a cikin ƙwaƙwalwa, ƙwayoyinta ne ke lalacewa a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke ɗauke da shi, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi. Kashi 60 zuwa 70 na masu shi cutar Alzaima ce, wadda ta samo suna daga likitan Jamus da ya fara bayaninta a 1906. Akwai kuma nau'in da ke biyo bayan toshewar jijiyoyin jini a kai, wanda hawan jini da ciwon suga ke share wa hanya, kuma kowa ya san yadda tansiyo, wato hawan jinin, ya yi yawa a gidajenmu.

Dole in tsaya a kan maganar maita. Tsohuwar da aka tsinta tsakar dare a ƙofar gidan wasu, zane a kwance, tana kiran sunayen matattu, ba mayya ba ce, gidan ubanta take nema. Addu'a da tofi ba wanda ya hana. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne duka, mari a ƙafa, hayaƙi a rufaffen ɗaki, ko jiƙon da zai sa tsoho gudawa.

A fara da CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, don a samu takardar turawa. Babban Asibitin Ƙasa na Yamai yana da likitocin jijiya da na ƙwaƙwalwa. Mutane na jin tsoron sashen da ake kira Pabiyon E don sun ɗauka na mahaukata ne kaɗai, alhali ma'aikatansa sun san yadda ake kwantar da ruɗewa da rashin barci. Wanda ke kwana da tsohon shi ya kamata ya raka shi, ba babban ɗan da ke leƙowa ranar Juma'a ba. A zuba duk magungunan da yake sha a leda ɗaya a tafi da su, har da na gargajiya. A rubuta abubuwan da aka gani a miƙa wa likita a takarda, ko a keɓe da shi, kada a tona asirin dattijo a gabansa. A roƙi a auna tansiyo, suga, yawan jini, fitsari, sinadarin B12 da aikin maƙoƙo, a duba ido da kunne. Wasu daga cikin waɗannan kan jawo ruɗewa mai kama da gigin tsufa, kuma suna da magani. Tsohon da yana ta rufe masa ido, kunnensa ya toshe, ruɗewarsa ninkuwa take yi.

Akwai ƙwayoyi irin su donepezil da memantine da kan rage alamun na wani lokaci ga wasu, amma ba sa warkarwa. Duk wanda ya ce yana da maganin da zai dawo da ƙwaƙwalwar gaba ɗaya, aljihunku yake so.

Mataki na biyu: taron ƴaƴa

Kafin a gyara ɗaki, a gyara zumunci. Abin da na fi gani shi ne jinyar duka ta faɗa kan mace ɗaya, ko suruka ko ƴar da aurenta ya mutu, sauran kuma sai waya: "Yaya jikin Inna?" Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A zauna, har da waɗanda ke Abijan ko Libiya ta waya, a yanke abu huɗu: wa ke kwana da tsohon, wa zai karɓi mai kwanan a waɗanne ranaku, wa ke kai shi likita, nawa kowa zai riƙa turowa a wata. A sayi littafi a riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a ɗauki hotonsa ƙarshen wata a sa a zauren WhatsApp na gida. Wannan littafin ya kashe mana zargi da yawa tun bai tashi ba.

In tsohon na karɓar fansho, a je ofishin a tambayi yadda ake wakilci tun yana iya bayyana yardarsa. Takardun fili da na gida a ajiye su inda kowa ya sani, kuma a yi alkawari ba wanda zai sa shi dangwala hannu a kan wata takarda shi kaɗai.

Sai maganar inda zai zauna. Da zan sake, da na yi dogon tunani kafin in raba Inna da Tawa. Sauyin wuri na dagula su ƙwarai. In akwai mai kula nagari a garinsu, ya fi a tura kuɗi can a riƙa zuwa. In kuwa dole ce ta sa aka kawo shi, a kawo shi da tabarmarsa, butarsa, akwatinsa da bargonsa, kuma kada a riƙa zagayawa da shi gidajen ƴaƴa wata-wata da sunan adalci.

Mataki na uku: gyaran gida

Ka zagaya gidan kana kallonsa da idon wanda bai san haɗari ba. Tukunyar gas a kulle ta ko a cire kanta in an gama girki, murhun gawayi a kashe shi da ruwa. Jabel (ruwan wanki mai kashe ƙwayoyin cuta), fetur da maganin ƙwari da muka saba zubawa a gorar ruwan sha su bar inda hannu zai kai. Magani duka ya koma akwati mai kwaɗo, mutum ɗaya ke bayarwa, yana sa alama a takarda, don kada a ba shi na tansiyo sau biyu. Rijiya da randa mai zurfi su samu murfi.

Faɗuwa ita ce babbar abokiyar gaba, domin tsohon da ƙugunsa ya karye da wuya ya sake miƙewa. A cire tabarmar da ta naɗe baki, a share tsakuwa daga hanyar makewayi, a sa ƙarfen riƙewa a bango, a samu kujerar roba mai rami don kada ya riƙa tsuguno. Fitila mai caji ta kwana a kunne tsakanin gado da makewayi, saboda wuta na iya ɗaukewa kowane lokaci, duhu kuma na tayar musu da hankali. A cire sakatar ciki ta ɗakinsa da ta makewayi. Ƙofar gida a ƙara mata sakata can sama, a rataya ƴar ƙararrawa. Wannan daban yake da kulle mutum a ɗaki: tsakar gida duka tasa ce, titi ne kawai aka tsare. In ya fara faɗa da mutumin da yake gani a madubi, a rufe madubin da zane.

Mataki na huɗu: yadda ake magana da shi

Nan ne jinyar take, kuma nan muka fi shan wuya. An raine mu a kan gaskiya, sai mu ga kamar wajibi ne mu gyara wa tsoho duk abin da ya faɗa ba daidai ba. Inna takan tambaya, "Malam bai dawo daga masallaci ba?" Malam kuwa, mahaifina, ya shekara goma sha biyu a ƙasa. Da farko nakan ce, "Inna, ai Baba ya rasu." Sai ta fashe da kuka kamar yanzu aka aiko mata, ta ce don me aka ɓoye mata. Bayan sa'a guda ta manta, ta sake tambaya. Wato a rana ɗaya sai in sa ta zaman makoki sau uku. Daga baya na koyi cewa, "Inna, kina tunaninsa ne? Wace miya ya fi so?" Sai ta shiga labarin miyar kuka da man shanu, fuskarta ta saki. Ban yi ƙarya ba, ban kuma soke ta ba.

In ta ce an yi mata sata, kada a ce "wa zai sace miki?" A ce, "Subhanallahi, zo mu duba tare." A san maɓoyanta: ƙarƙashin katifa, bakin zane, cikin kwano. Mu mun riƙa bar mata ƴan canji a lalitarta, muka ajiye wata lalitar iri ɗaya don ranar da ta farko ta ɓace. Wanda kuma ake zargi, yawanci shi ne wanda ya fi yi mata hidima, saboda shi ne kullum a gabanta. Miji ya fito fili ya gaya wa danginsa cewa ciwo ne, ya wanke matarsa. Aure da yawa na girgiza a daidai wannan wurin.

Ka zo masa ta gaba, ka yi sallama, ka durƙusa yadda idonku zai haɗu, ka faɗi ko kai wane ne: "Baba, ni ne, autanka." Kada ka yi masa jarrabawa da "ka gane ni?" Baƙi masu zuwa gaisuwa sun fi kowa yin wannan, a gargaɗe su tun daga zaure. Magana ɗaya a lokaci ɗaya, gajera, sannan ka jira amsa. Maimakon "me za ki ci?" ka nuna kwano biyu: "Kunu ko fura?" Harshen da aka koya daga baya shi ke fara zubewa, don haka tsohon ma'aikacin da ya yi aiki da Faransanci, ko ɗan kasuwar da ya iya Zabarmanci, zai iya komawa Hausar ƙauyensu zalla. A bi shi can.

Wasan jika da kaka al'ada ce mai daɗi, amma a ja wa yara kunne. Ɓoye mata goro ko ce mata "na zo ƙwace mijin" abin dariya ne a da, yanzu tana iya ɗaukarsa da gaske ta wuni cikin tashin hankali.

In ya fusata, kafin a ce rikici ne, a duba jikinsa. Yana jin fitsari? Ya kwana nawa bai yi bayan gida ba? Haƙori na ciwo? Zafi ya yi yawa? Hayaniyar telebijin da yara ta cika ɗakin? Mutumin da kalmomi suka gudu daga bakinsa da faɗa yake cewa "ina jin ciwo."

Mataki na biyar: rana mai tafiya iri ɗaya

Lokutan salla sun riga sun raba mana rana, sai a ɗora komai a kansu. Bayan asuba koko da magani, da hantsi wanka da ɗan zama a inuwa, bayan azahar ɗan kishingiɗa gajere, bayan la'asar tattaki a tsakar gida. A ba shi aikin da hannunsa ya sani: tsinke zogale, ɓare gyaɗa, naɗe kaya, jan carbi. Inna ta manta sunayen jikokinta, amma karatun da ta haddace tana yarinya bai bar bakinta ba sai kusan ƙarshe. In ya yi salla ɗaya sau uku ko ya rage raka'a, a ƙyale shi. Malamai sun bayyana cewa wanda hankalinsa ya gushe babu wajibci a kansa, kuma wannan ya shafi azumi. In ya nace yana azumi cikin zafi, a ba shi ruwa da dabara, a tambayi malamin da aka amince da shi don zuciyar iyali ta kwanta.

Ruwa shi ne abin da aka fi sakaci da shi. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai kan haura digiri 40, tsoho kuma ba ya jin ƙishi kamar yaro, mai gigin tsufa ma ba zai tuna ya nema ba. Kada a tambaye shi, a miƙa masa kofi kowace sa'a ko biyu, a sha tare da shi. Fura mai ruwa, kankana, zoɓo marar suga da yawa duk suna taimakawa. Fitsarin da ya yi ja ya kuma ragu alama ce ta ƙarancin ruwa. Mai ciwon zuciya ko ƙoda, likita ne zai faɗi adadin da zai sha. Mai ciwon suga da ya ƙi cin abinci, a tuntuɓi likita kafin a ci gaba da ba shi ƙwayarsa yadda aka saba, don sugan na iya faɗuwa.

Wanka kuwa wurin kunya ne. Ɗa namiji ya yi wa ubansa, mace ta yi wa uwa, kada a ɗora wa suruka wankan surukinta namiji alhali ƴaƴansa na nan. A bar zane a jiki, a wanke sashe-sashe, ruwa mai ɗumi a lokacin ɗari, kada a kwara masa a ka ba sanarwa. In ya ƙi, a bari, a dawo bayan rabin sa'a, wani lokaci kalmar "alwala" ko "wankan Juma'a" ta fi "wanka" karɓuwa. A kai shi makewayi duk bayan sa'a biyu ko uku ba sai ya ce ba. In ya ɓata jikinsa, a gyara shi shiru, ba tsaki, ba a gaban yara ba.

Daga la'asar sakaliya zuwa magariba ruɗewa kan tashi. Lokacin ne Inna ke ɗaure ƙunshinta ta ce, "Ni zan tafi gida, yara na jirana." A kunna fitila tun duhu bai shiga ba, a rage hayaniya, a daina ba shi shayi mai ƙarfi da goro da yamma. Nakan ce mata, "To Inna, mu sha kunu tukuna," ko in riƙe hannunta mu zagaya gida mu dawo ɗaki.

Gargaɗi mai nauyi: kada a sayi ƙwayar barci irin diazepam wajen masu tallar magani a tire don tsoho ya yi shiru. Tana ƙara ruɗewa, tana jawo faɗuwa da shaƙewa.

Mataki na shida: in ya fita ya ɓace

A shirya tun bai faru ba. A rubuta sunansa, unguwa da lambar waya biyu, a ɗinke a fata kamar laya a rataya masa, ko a ɗinka a cikin rigunansa. A ajiye sabon hotonsa a waya. A gaya wa mai shago, mai shayi, liman, samarin fada da ƴan kabu-kabun bakin layi halin da ake ciki. Ɓoye ciwon don gudun surutu shi ke sa a gan shi yana wucewa a ɗauka unguwa za shi. In ya ɓace, kada a jira dare: wasu su bi manyan tituna da tashoshin mota, wasu su nufi bakin kogi da ramukan ruwa in damina ce, a yi cigiya a lasifikar masallaci da rediyo, a sanar da komisariya, wato ofishin ƴan sanda, mafi kusa. In an same shi, ruwa da abinci ne farko, faɗa ba shi da amfani.

Mataki na bakwai: canjin da ba ya jira

Gigin tsufa a hankali yake tafiya, wata da watanni. In cikin kwana ɗaya ko biyu tsoho ya rikice fiye da yadda aka saba, ko ya yi ta barci ba ya farkawa sosai, wani ciwo ne ya shigo: zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, ciwon huhu ko ƙarancin ruwa. Tsoho na iya ɗauke da su jikinsa bai yi zafi ba. A kai shi a ranar. Karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, da sarƙewar harshe kwatsam, asibiti ne nan take, ba a tsaya shafa mai ba.

Mataki na takwas: mai jinya ma mutum ce

In da hali a ɗauki mai taimako, a zauna da ita mako guda ana nuna mata komai, a biya ta kan lokaci, a ba ta ranar hutu. Yarinya ƴar shekara goma sha biyu ba mai jinya ba ce. Ita kuma uwar ɗakin jinyar, a tabbatar tana samun dare biyu a mako na cikakken barci da yini guda na fita. Ranar da ta fara yi wa tsohon tsawa ko kuka ba dalili, kada a ce ba ta da haƙuri, a karɓe ta.

Mataki na tara: in ya kwanta

A ƙarshe ƙafa kan daina ɗauka, haɗiya ta yi wuya. A zaunar da shi sosai kafin a ba shi komai, ba a kwance ba. Kunu mai ɗan kauri ya fi ruwa tsinkakke sauƙin haɗiya. Ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye, a bar shi a zaune rabin sa'a bayan ci. Tari ko canjin murya lokacin ci alama ce abinci na bin hanyar iska, a dakata, kuma ɗura haramun ce a nan. A juya shi duk sa'a biyu, dama, baya, hagu, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, a duba ƙugu, gindin baya da dunduniya kullum. Jan da bai gushe ba bayan an ɗauke nauyi daga wurin shi ne farkon gyambon kwanciya, a nuna wa ma'aikacin jinya tun bai fashe ba. Ledar katifa ta kasance ƙarƙashin zanen auduga, kada ta taɓa fata, a sauya kunzugu da zarar ya jiƙe. A goge baki da tsumma mai tsabta safe da yamma, a shafa man kaɗe a leɓe, a sa gidan sauro.

A watanninta na ƙarshe Inna ba ta magana. Muka mayar da gadonta kusa da ƙofa inda take jin kiran salla da ƙarar turmi, kowane jika da ya dawo daga makaranta sai ya shiga ya gaishe ta ya riƙe hannunta kafin ya ajiye jaka. Jadawalin juyi yana manne a bango da sunan kowa da sa'arsa, na ƙarfe biyun dare nawa ne.